Yadda Za a Taimaki Ɗalibin da Rubuta Kalma Daidai Ke Yi wa Wuya

A kusan kowane ajin firamare akwai yaron da idan aka yi tambaya da baki shi ne zai fara ɗaga hannu, idan aka ba da labari kuma shi ne zai maimaita shi tiryan-tiryan, amma ranar shifta littafinsa yakan dawo jawur da biron malami. Na taɓa koyar da irin wannan yaro a aji huɗu. A shafi guda ya rubuta kalmar "makaranta" sau uku, kowace da irin kamarta: "makarata", "makanrata" da "mkaranta". Da na tambaye shi wacce ce daidai, sai ya daɗe yana duban shafin, sannan ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne." Babu raini a maganarsa, da gaske bai ga bambancin ba, kuma a lokacin ya riga ya shekara biyu yana shan bulala a kan abin da idonsa da kunnensa ba su kama masa ba.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan larura. A shekarar 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya bayyana labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda ko sunansa na Percy yakan rubuta shi "Precy", kuma malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake karatu, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa matsalar rubuta kalma daidai suna nata na kanta a tsohon kundinta na cututtuka, a sabon kundin da ya fara aiki a 2022 kuma ta sanya ta a ƙarƙashin larurar koyo da ta shafi rubutu. Yawanci tana tafiya tare da larurar karatu da ake kira disleksiya, ko da yake akwai yaran da karatunsu yake daidaita da girma, rubutun ya ci gaba da ba su wahala. Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013 ya ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 15 cikin kowane 100 da ke shekarun makaranta suna da wata larurar koyo, ko ta karatu, ko ta rubutu, ko ta lissafi. Wanda yake koyar da aji mai yara 80 sai ya yi lissafin da kansa.

Tushen matsalar a mafi yawan lokuta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take rarrabe sautukan magana da kuma yadda take riƙe siffar kalma a rubuce. Yaron yana jin "makaranta" a dunƙule, ya san ma'anarta, amma idan ya zo zare sautukan ɗaya bayan ɗaya don ya ba kowanne harafinsa sai wasu su kuɓuce masa. Abin yana bin jini, shi ya sa sau da yawa idan aka bincika za a tarar da uba ko kawu ko wa da ya sha irin wannan wahala. Ba shi da alaƙa da ƙarancin basira, ba kuma lalaci ba ne. Abin da nake so malami ya ɗauka daga wannan jagora shi ne kurakuran yaron ba a warwatse suke ba, suna da tsari, kuma wanda ya zauna ya karanta su zai ga daidai inda ya kamata ya fara koyarwa.

Mataki na farko: a tabbatar ba wani abu ne daban ba

Kafin a ce yaro yana da larura, wajibi ne a kawar da sauran dalilai, domin a makarantunmu mafi yawan yaran da ba su iya rubutu ba ba a taɓa koya musu yadda ya kamata ba ne. Yaron da ya yi aji ɗaya da aji biyu a ɗakin da malami ɗaya yake fama da yara fiye da ɗari, ko wanda damina take ɗauke shi zuwa gona, ko yarinyar da talla take cinye mata rabin mako, ba larura ce ta hana su ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a kwatanta yaron da abokan ajinsa da suka sami irin koyarwar da ya samu. Idan dukan ajin ne ba su iya ba, gyaran na koyarwa ne. Idan kuwa sauran sun wuce shi kaɗai ya tsaya, to akwai abin dubawa.

A kai shi a gwada idonsa da kunnensa. Yaron da kunnensa ya sha zubar da ruwa yana ƙarami yana iya rasa jin ƙananan bambance-bambancen sauti, kuma wanda ba ya hangen allo da kyau zai kwafi abin da ya zata ya gani. A kuma yi la'akari da shekaru, domin juya harafi, kamar rubuta b a gurbin d, abu ne da yara da yawa suke yi har zuwa wajen shekara 7, sai idan ya zarce haka ne zai zama abin lura.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka keɓanta da yaranmu. Na farko shi ne karin harshe. Basakkwacen yaron da ya rubuta "hwara" a maimakon "fara", ko "motag gwamna" a maimakon "motar gwamna", kunnensa lafiya lau yake, ya rubuta abin da yake furtawa ne ba tare da kuskure ba, abin da ya rage kawai a koya masa daidaitacciyar Hausa. Haka nan yaron da Fulatanci ko Barbarci ne harshen gidansu. Na biyu shi ne yawan tsare-tsaren rubutu da yaro yake ɗauka a lokaci guda: Larabci daga dama zuwa hagu a Islamiyya ko makarantar allo, Hausar boko daga hagu zuwa dama, sannan Ingilishi mai amfani da haruffan boko amma da wasu dokoki daban. Wannan ba ya haifar da larurar, yara da dama suna ɗaukar duka ukun lafiya, amma yana iya jawo ruɗani na ɗan lokaci. Masana suna sharɗanta cewa sai matsalar ta ɗore aƙalla wata shida duk da an ba yaron taimako na musamman kafin a kira ta larura. Saboda haka ba a jiran takardar likita kafin a fara taimako, taimakon ma shi ne yake nuna gaskiyar al'amarin.

Mataki na biyu: a tattara kurakuran a karanta su

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali sauran duka a kansa suke tsaye. A samo rubutun yaron iri uku: shifta, insha'in da ya rubuta da kansa, da abin da ya kwafa daga allo. Sannan a zauna da shi shi kaɗai, a wuri mai shiru, a yi masa shifta ta kalmomi kamar 20, daga masu sauƙi irin su "gida" da "rana" zuwa masu nauyi irin su "tsintsiya", "ƙwanƙwasa" da "ma'aikaci". A haɗa da kalmomin ƙirƙira biyar da ba su da ma'ana, misali "zimbu", "lafku" da "ɗeso", bayan an gaya masa cewa na wasa ne. Amfaninsu shi ne ba zai iya rubuta su da hadda ba, dole sai ya dogara ga kunnensa, a nan ne za a ga ainihin ƙarfinsa.

Sai a ɗauki takarda a rarraba kurakuran gida-gida. Gida na farko shi ne na sauti: yaron ya zubar da wani sauti, ko ya sauya masa wuri, ko ya ƙara wanda babu. "Makarata", "tabaya" a maimakon "tambaya", "kuja" a maimakon "kujera", duk nan suke. A lura da kyau, domin a Hausa baƙin da yake rufe gaɓa, kamar n ta "ran" a cikin "makaranta", shi ne ya fi saurin ɓacewa. Yaron da wannan gida ya cika masa shi ne ya fi buƙatar aikin kunne da za a yi bayani a gaba.

Gida na biyu shi ne na siffar harafi. Yaron Bature yana fama da b da d, namu kuwa yana da huɗu a gabansa, b da d da ɓ da ɗ, ga kuma k da ƙ. A nan sai an yi hattara, domin barin ƙugiya ba kullum ne alamar larura ba. Yaron da yake ganin allunan shaguna da saƙonnin waya babu ƙugiya ko ɗaya, wani lokaci ma malaminsa ba ya sa ta a allo, ba za a zarge shi ba idan ya ɗauka ado ce. Hanyar rarrabewa ita ce a furta masa "kafa" da "ƙafa" a tambaye shi ko ɗaya ne. Idan ya ji bambancin, saura koyar da hannu. Idan bai ji ba, kuskuren na gida na farko ne.

Gida na uku shi ne na ƙa'idojin rubutu: "tanbaya" a maimakon "tambaya", "hanu" a maimakon "hannu", "ya na" a maimakon "yana", "shine" a maimakon "shi ne", da barin alhamza a "sa'a". Waɗannan kurakurai manya ma suna yin su, kuma a wurin yaro alama ce mai daɗi, domin suna nuna yana jin sautukan, doka ce kawai bai riƙe ba. Gida na huɗu shi ne na cakuɗa harsuna, kamar rubuta "chiki" a maimakon "ciki", ko "pita" a maimakon "fita".

Idan aka gama, a ƙidaya na kowane gida, a rubuta kwanan wata, a adana takardar. Gidan da ya fi yawa daga nan za a fara, sai dai idan na sauti yana da yawa, to shi ne a gaba ko da wani ya fi shi adadi.

Mataki na uku: a yi magana da yaron da iyayensa

Yaron da ya kai aji huɗu da wannan matsala ya riga ya ji an kira shi daƙiƙi sau ba adadi, kuma mai yiwuwa ya yarda. Wasu sukan koma ƙarshen aji su yi tsit, wasu su zama masu tsokana don a kore su kafin a zo rubutu, wasu kuma ciwon ciki ya kama su duk ranar shifta. A kira shi gefe a gaya masa gaskiya da kalmomin da zai gane: cewa kansa yana ja, cewa akwai yara da yawa irinsa, cewa rubutu ne kaɗai yake buƙatar a bi da shi ta wata hanya, kuma daga yau ba za a sake dukansa a kan kuskuren rubutu ba. Wannan alkawari na ƙarshe sai an cika shi, kuma sai hedimasta da sauran malaman da suke shiga ajin sun san da shi, domin tsoro yana cinye ɗan abin da ƙwaƙwalwar yaron take riƙewa yayin da yake ƙoƙarin jera sautuka.

Da iyaye kuwa, a fara da abin da yaron ya iya. "Alhaji, ɗanka yana cikin masu fahimta a ajina, sai dai akwai wani wuri guda da nake so mu haɗa hannu," ya fi a fara da jera laifuffuka. Wasu iyayen za su danganta abin da sammu ko shafar aljanu, wasu su ce taurin kai ne. Ba a yi musu gatsali, a nuna musu takardar kurakuran su ga tsarin da ke ciki, a kuma bayyana musu cewa addu'a da neman hanyar koyarwa ba sa karo da juna. Uwar da ba ta yi boko ba tana da rawar takawa babba, domin wasannin kunne da ke tafe ba sa buƙatar biro.

Mataki na huɗu: kunne kafin hannu

Hausa ta yi wa irin wannan yaro gata, domin rubutunta yana kusa da furucinta, kuma gaɓoɓinta iri uku ne kacal: baƙi da wasali kamar "ci", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "kai", da baƙi da wasali da baƙi kamar "can". Saboda haka ina ganin ya fi kyau a kafa tushen da Hausa, harshen da yaron ya riga ya mallaki sautukansa, kafin a matsa masa da Ingilishi.

A fara da gaɓa. A faɗi kalma, yaron ya maimaita, sannan ya tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa: ma-ka-ran-ta, tafi huɗu. Idan tafi yana ruɗa shi, ya sa bayan hannunsa a ƙarƙashin haɓarsa ya ƙidaya sau nawa haɓar ta sauka. Bayan kwana biyu ko uku a shigo da marafan kwalba ko ƙwallayen dabino, ya ajiye ɗaya ga kowace gaɓa daga hagu zuwa dama, sannan a nuna ɗaya a tambaye shi, "Wannan me ya ce?" Daga nan a yi wasan cirewa: "Ka ce tattabara, amma kada ka ce ra." Uwa tana iya yin wannan da shi tana tsince shinkafa, da sunayen 'yan gida da na kayan miya.

Idan gaɓa ta zauna, sai a shiga cikinta. A zana akwatuna a jere a takarda ko a ƙasa, akwati ɗaya ga kowane sauti, dabarar da wani masanin halayyar yara na Rasha mai suna Elkonin ya fito da ita. Kalmar "can" akwati uku ce, yaron yana jan sautin a hankali yana tura marfi ɗaya cikin kowane akwati. A daɗe a kan gaɓoɓi masu rufi, wato irin su "ran", "tam", "kar" da "has", a riƙa gwama su da marasa rufi: "kata" da "karta", "baka" da "barka", "tasa" da "tamsa", ko da wata ba ta da ma'ana. Yaron da na ambata a farko mun yi kusan mako uku a nan kaɗai kafin ranar da ya tura marfi na uku da kansa ya ce, "Malam, akwai wani a ƙarshe." A tuna cewa tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts, ky, gw da ƙw sauti ɗaya ne kowannensu, don haka akwati ɗaya suke ci, ko da yake haruffa biyu ne a rubuce. Sai bayan marafan sun daina kuskure ne za a maye gurbinsu da katunan haruffa, sannan da biro.

Mataki na biyar: darasi gajere, kullum, bisa tsari

Minti 15 zuwa 20 a kowace rana, sau huɗu ko biyar a mako, sun fi awa biyu a ranar Asabar amfani nesa ba kusa ba. Hanyar da aka fi sani a duniya wajen koyar da irin waɗannan yara ta samo asali ne daga aikin likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham a Amurka cikin shekarun 1930, kuma ginshiƙanta su ne a koyar da abu ɗaya a lokaci guda, a bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a haɗa ido da kunne da baki da hannu, kuma kada a wuce sai na baya ya zauna. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga wannan baƙo ba, domin a can ma ana fara babbaƙu kafin farfaru, almajiri yana bin harafi da yatsa yana faɗa da ƙarfi, kuma ba ya wanke allo sai ya biya.

Darasin yana iya tafiya haka. A minti uku na farko a nuna katunan haruffan da aka riga aka koya yaron ya faɗi sautinsu, sannan a juya, malami ya faɗi sauti yaron ya rubuta. A minti uku na gaba a yi wasan marafai. Sannan a gabatar da sabon abu guda ɗaya tak, yaron ya zana shi babba a cikin yashin da aka zuba a faranti, ko a iska, ko da alli a ƙasa, yana furta sautin yayin da hannunsa yake tafiya. Daga nan a yi shifta ta kalmomi biyar ko shida da jimla ɗaya, waɗanda babu harafi a cikinsu sai wanda aka koya. A kowace kalma yaron zai maimaita ta, ya ƙidaya gaɓoɓinta da yatsu, ya rubuta yana faɗa, sannan ya karanta abin da ya rubuta yana bi da yatsa. Idan ya yi kuskure kada a yi saurin gyara masa, a ce, "Karanta mini abin da ka rubuta," domin gano kuskure da kansa shi ne abin da ake son ya koya.

Haruffa masu kama da juna ba a koyar da su a mako guda. A koyar da b ita kaɗai har ta zauna, a bar tazarar mako biyu ko uku kafin d. A kuma bambanta yadda ake fara rubuta su: b tana farawa da sanda daga sama sannan ciki, d kuwa tana farawa da ciki sannan sanda. Bakin yaron ma zai tuna masa, domin a furucin b leɓɓa a rufe suke kamar layin sanda, a furucin d kuwa baki a buɗe yake kamar da'ira. Masu ƙugiya sai daga baya. A sa yaron ya ɗora yatsunsa a maƙogwaronsa ya furta "ka" sannan "ƙa", zai ji motsin da maƙogwaron yake yi a na biyun, a ce masa wannan motsi shi ne ƙugiyar. Sannan a yi amfani da kalmomin da ƙugiya take sauya wa ma'ana, a zana musu hoto in da hali: kafa da ƙafa, kara da ƙara, baki da baƙi, gada da gaɗa, daka da ɗaka, bare da ɓare. Yara suna dariya idan aka karanta musu "mun yi baki a gida" a inda ake nufin baƙi, kuma abin da aka yi dariya a kansa ba ya saurin fita daga kai. Ga yaran Jamhuriyar Nijar akwai ƙarin ƴ, wadda a Nijeriya ake rubutawa 'y.

Ƙa'idoji kuwa ɗaya a mako ta isa. Baƙi mai ninki yana sauƙi idan aka raba gaɓa: han-nu, kun-ne, kal-la, yaron zai ga n ɗaya tana rufe gaɓar farko ɗaya tana buɗe ta biyu. Dokar m kafin b, kamar a "tambaya" da "gyambo", a bar shi ya dubi bakinsa a madubi ya ga leɓɓansa sun riga sun haɗu. Dogayen kalmomi a nuna masa asalinsu, ya ga "karanta" a cikin "makaranta", ya ga "noma" a cikin "manomi", ya ga "aiki" a cikin "ma'aikaci", har ya fahimci dalilin alhamzar.

Domin kada abin da aka koya ya zube, a samo gwangwani uku da ƙananan katuna. Sabuwar kalma tana shiga na farko, ana bitarsa kullum. Idan yaron ya rubuta ta daidai kwana uku a jere ta koma na biyu, wanda ake bita sau biyu a mako, daga nan ta koma na uku na ƙarshen wata. Duk wadda aka kuskure ta dawo na farko. Wajen bitar ya dubi kalmar, ya faɗe ta gaɓa-gaɓa, ya rufe, ya rubuta, sannan ya buɗe ya gwada harafi da harafi. Sa yaro ya kwafi kalma sau 50 ba ya haifar da komai sai gajiya da ƙiyayyar rubutu, domin hannunsa ne yake aiki kansa yana wani wuri.

Mataki na shida: idan aka zo Ingilishi

Ingilishi yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kimanin 44, kuma sauti ɗaya yana iya zuwa da rubutu iri uku ko huɗu, saboda haka yaron da ya daidaita a Hausa yana iya sake tuntuɓe a nan. A faɗa masa ƙarara cewa dokokin sun bambanta, a ware littafi daban ga kowane harshe, a kuma nuna masa haruffan da suke sauya aiki, musamman c da wasulan a, e da i. Sautukan da Hausa ba ta rarrabe su, irin su p da f, ko b da v, sai an yi musu aikin madubi da na kunne kamar yadda aka yi wa masu ƙugiya. Haka nan baƙaƙen da suke cunkushewa a farkon kalma, waɗanda bakin Bahaushe yake son cusa wasali a tsakaninsu, a mayar da su cikin akwatunan sauti. A koyar da kalmomi dangi-dangi, masu ƙarewa iri ɗaya a tare, waɗanda ba sa bin doka kuma a riƙa shigar da biyu ko uku daga cikinsu a gwangwani kowane mako.

Mataki na bakwai: a gyara yadda aji yake tafiya da shi

Darasi na musamman zai ɗauki watanni kafin ya yi tasiri, a tsakanin nan kuma bai kamata yaron ya rasa kimiyya da tarihi da addini saboda rubutu ba. A zaunar da shi a gaba. A rage masa kwafe daga allo, domin shi harafi-harafi yake kwafa, kafin ya kai rabi an goge. A ba shi littafin abokinsa ya kwafa a kusa, ko a bar masa muhimman jimloli kaɗai. A ranar shifta a ba shi kalmomi biyar daga cikin 20, waɗanda suka dace da inda ya kai, a ƙara masa lokaci, kuma a daina kiran maki da ƙarfi a gaban aji, ba nasa kaɗai ba, na kowa.

Wajen duba aiki a raba tunani da rubutu. Idan tambayar kimiyya ce kuma ya san amsar, a ba shi makinsa ko da kalmar ta karkace, a wasu lokuta ma a tambaye shi da baki. A insha'i a ja layi a ƙarƙashin kurakurai uku kawai, waɗanda aka riga aka koya masa dokarsu, a sa alama a kan haruffan da ya samu daidai a cikin kalmar, ya ga cewa a "makarata" harafi ɗaya ne ya rage cikin tara. Manyan ɗalibai yana da kyau su san cewa a insha'in Ingilishi na jarrabawar WAEC maki 50 ne, kuma 10 kacal aka ware wa daidaiton rubutu da alamomi, sauran 40 na abin da aka faɗa ne da tsarinsa da iya bayyana shi. Ɗalibin da ya san haka zai daina guje wa kalmomi masu kyau don tsoron kuskure.

A aji mai cunkoso malami ba zai iya ware yaro ɗaya kullum ba, amma yana iya haɗa huɗu ko biyar masu irin matsalar a lokacin tara ko bayan tashi, kuma wasan tafi da na marafai ana iya yi da dukan aji, kowa zai amfana. Ga wanda ya kai sakandare kuma akwai waya a gida, a saka masa allon rubutu na Gboard a kan Hausa don ya sami haruffa masu ƙugiya, a kuma koya masa ya fara naɗar abin da yake son faɗa da murya, sannan ya saurara yana rubutawa jimla-jimla.

Mataki na takwas: a auna, a kuma san lokacin neman ƙwararre

Duk bayan mako shida a sake yin irin shiftar farko da sababbin kalmomi masu nauyi ɗaya, a rarraba kurakuran a gidajensu, a gwada da takardar baya. Kada a dubi jimillar maki kaɗai. Yaron da ya tashi daga "mkrt" zuwa "makarata" ya yi tafiya mai nisa ko da yake har yanzu bai ci makin ba, kuma idan kurakurai suka ƙaura daga gidan sauti zuwa gidan ƙa'idoji, aikin yana ci. A nuna masa takardun biyu ya gani da idonsa.

Idan an yi zango biyu ana aiki ba fashi amma babu motsi, ko kuma matsalar ta haɗu da jinkirin magana, ko rashin iya natsuwa, ko wahalar riƙe biro, ko yaron ya fara ƙin zuwa makaranta gaba ɗaya, to a nemi ƙwararre. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kuma kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo wadda aka keɓe don horar da irin waɗannan malamai, sannan asibitocin koyarwa suna da likitocin yara da masana halayyar ɗan Adam. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda shugaban Nijeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuma iyaye suna iya kafa hujja da ita idan wata makaranta ta nemi korar yaro saboda rubutunsa. A yi hattara da masu sayar da tabarau masu launi ko magungunan buɗe ƙwaƙwalwa da sunan warkar da wannan larura, domin matsalar ba a ido take ba, kuma babu ƙwayar da take koyar da sauti da harafi.

Duk inda za a je, a tafi da takardun kurakuran masu kwanan wata, da sakamakon gwajin ido da kunne, da bayanin abin da aka koyar da tsawon lokacin da aka ɗauka. A ƙarshen shekara kuma a haɗa waɗannan takardu da gwangwanayen katunan a miƙa wa malamin aji na gaba hannu da hannu, a zauna da shi minti goma a gaya masa harafin da aka tsaya a kai da alkawarin da aka yi wa yaron game da bulala.